Ƙofar Da Kuɗi Ba Sa Buɗewa Ga Mai Son Tuƙin Jirgin Sama

Ɗalibin da ya taso a Toranke cikin ƙaramar hukumar Ajingi, ko a Gaya, ya ƙudura zama matuƙin jirgin sama, galibi hankalinsa da na iyayensa kan tafi ga kuɗin makaranta ne. Lalle kuɗin da nauyi, domin miliyoyin naira ake biya a Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964. Amma akwai ƙofar da kuɗi ba sa buɗewa, watau ɗakin likita.

Duk wanda zai yi tuƙi don a biya shi, tilas ya mallaki takardar shaidar lafiya mai daraja ta ɗaya, daga hannun likitan da hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Nijeriya ta amince da shi. Ana auna gani da ji, da bugun zuciya, da hawan jini, har da fitsari. Sanya tabarau ba ya hana mutum, muddin ganinsa ya daidaita da shi, amma farfaɗiya tana hanawa. Abin da ya fi zuwa wa samari ba zato shi ne kasa bambance ja da kore, lalurar da mutum kan girma da ita bai sani ba, alhali fitilar fiffiken hagu ja ce, ta dama kuwa koriya. Saboda haka ya kamata uba ya kai ɗansa gwajin nan kafin ya ɗaga gona ko shanu ya sayar.

Takardar ba ta dindindin ba ce. Bisa ƙa'idar Ƙungiyar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, shekara guda take yi, sa'an nan ta koma wata 6 ga wanda ya kai shekara 60, ko wanda ya haura 40 yana ɗaukar fasinja shi kaɗai.

Ta fannin nauyi kuwa, kilo 5,700, kwatankwacin buhun gero 57, shi ne iyakar ƙaramin jirgi. A da, a ƙasashe irin su Ingila, mai lasin kasuwanci ba ya shugabancin jirgin fasinjan da ya wuce wannan nauyi. Yanzu abin dubawa shi ne ko jirgin na matuƙa biyu ne. In haka ne, kujerar kyaftin sai mai babban lasin, wanda ya yi awa 1,500 a sama.

Har ila yau, nauyin da jirgi zai iya tashi da shi yakan ragu idan rana ta take, domin iska mai zafi ba ta da kauri. Kanawa ba su manta da 4 ga Mayu 2002 ba, lokacin da jirgin EAS ya zarce ƙarshen titin tashi cikin zafin bazara, ya faɗa unguwar Gwammaja, mutane fiye da 100 suka rasu.