Yadda 'Yan Katolika Suka Yi Addu'a Tare Kowa Yana Gidansa

'Yan'uwa ɗalibai, ko za a iya yin ibada cikin jam'i ba tare da an taru wuri guda ba? Wannan tambaya ce ta fuskanci mabiya ɗarikar Katolika a shekarar 2020.

An samu mutum na farko mai cutar korona a Nijeriya ranar 27 ga Fabrairu, a Legas. Zuwa ƙarshen Maris, gwamnatin Ahmadu Umaru Fintiri ta sa dokar zaman gida a Adamawa, aka hana taruwa a masallatai da coci-coci. A nan Yola, inda Bishop Stephen Dami Mamza ke jagorantar 'yan Katolika daga majami'ar St. Theresa da ke Jimeta, abin bai zo da sauƙi ba, domin zuwa coci ranar Lahadi wajibi ne a gare su. Sai dai dokar cocin ta ce idan babban uzuri ya hana, a yi addu'a a gida, mutum shi kaɗai ko da iyalinsa.

To, ta yaya addu'ar gida ta zama ta jam'i? Ta hanyar haɗa lokaci da lafazi. Paparoma Francis ya roƙi Kiristocin duniya su karanta addu'ar Ubanmu da ƙarfe 12 na rana a ranar 25 ga Maris. A ranar, agogon Roma da na Yola daidai suke, don haka mai addu'a a Jimeta ya san dubban wasu suna furta kalmomin da yake furtawa a daidai wannan lokaci.

Haka kuma, daga 9 ga Maris zuwa 18 ga Mayu an riƙa nuna ibadar safe ta Paparoma kai tsaye ta talabijin da intanet. Ya kuma rubuta wasiƙa ranar 25 ga Afrilu yana ƙarfafa iyalai su ja carbi a gida cikin watan Mayu. Carbin yana da gida biyar, kowane da ƙwaya goma. Wani ya ja baki, saura su amsa, ba a buƙatar fada ko wutar lantarki.

Amma akwai abin da allon waya bai iya bayarwa: gurasar tarayya mai tsarki, wadda sai fada ya keɓe ta a miƙa wa mutum. A madadinta, masu kallo kan yi addu'ar nuna marmarin karɓarta. Shi ya sa cocin ba ta ɗauki kallon ibada daidai da halartarta ba.

Abokanmu Musulmi sun san irin wannan hali, domin azumin shekarar ya kama a ƙarshen Afrilu, gidaje da yawa suka yi asham a tsakar gida. Ku tambayi iyayenku yadda suka yi, ku kawo wa ƙungiyarmu labarin domin fitowa ta gaba.