Kwamfutar Allo Mai Araha: Mu Sani Kafin Mu Saya



Duk wanda ya fita zaɓe a shekarar 2023, ko a Roni, ko Gwiwa, ko Babura, ko Kazaure, ya ga malamin zaɓe riƙe da wata na'ura mai fuskar gilashi. Da ita ya duba yatsan mutum ko fuskarsa kafin ya ba shi ƙuri'a. Wasu ma'aikatan lafiya ma sukan shigo ƙauye da irinta suna rubuta sunaye. Yanzu kuma ga danginta a shagunan masu sayar da waya. Yara 'yan sakandare sun fara matsa wa iyayensu a saya musu. To, kafin maigida ya sayar da akuya ko buhun riɗi ya miƙa kuɗinsa, ya kamata ya san abin da zai saya.

Mece ce kwamfutar allo?

Kwamfutar allo wata ƙaramar kwamfuta ce shimfiɗaɗɗiya. Masu shago suna ce mata tabilet. Ta fi wayar hannu faɗi, amma ba ta kai allon almajiri ba. Fuskarta duk gilashi ce. Da yatsa ake taɓa gilashin, a buɗe littafi, a yi rubutu, a saurari karatu, ko a kalli hoto mai motsi.

Abubuwa huɗu ne suke nuna ƙarfinta.

Na farko, faɗin gilashi. Da inci ake auna shi, daga kusurwa zuwa kusurwa. Ƙananan sukan yi inci 7 ko 8, wato wajen taƙi ɗaya. Manyan sukan kai inci 10.

Na biyu, ma'ajiya. Wannan kamar rumbu take. A cikinta ake tara littattafai da hotuna da darussa. Mudun awonta shi ne giga. Idan giga ta yi yawa, rumbun ya yi girma ke nan.

Na uku, wurin aiki, wanda masu gyara suke kira ram. Wannan kamar masussuka yake. Ko rumbunka ya kai ina, idan masussuka ƙarama ce, dami kaɗan za ka sussuka a lokaci ɗaya. Haka na'ura mai ƙaramin ram take. Sai ta riƙa jan jiki, tana tsayawa.

Na huɗu, batir. Shi ne cikinta. In ya ƙare, komai ya tsaya sai an yi caji.

Akwai mai tsada, akwai mai araha. Mai arahar ita ce wadda aka rage wa waɗannan abubuwa ƙarfi domin kuɗinta ya sauko. Ita muke magana a kai.

Yadda aka faro

A shekarar 2010 wani kamfanin Amurka mai suna Apple ya fito da kwamfutar allo da ya kira iPad. Ita ce ta sa duniya ta san wannan kaya sosai. Amma mafi arahar cikinsu dala 499 ce. Talaka sai dai ya gani a hannun wani.

Gwamnatin ƙasar Indiya kuwa ta ce za ta samar wa ɗalibanta tasu mai sauƙin kuɗi. Ranar 5 ga Oktoba, 2011, ministan da ke kula da ilimi, Kapil Sibal, ya ƙaddamar da ita a birnin Delhi. Aka sa mata suna Aakash, wato sararin sama a harshensu. Kamfanin DataWind ne ya ƙera ta. Gwamnati ta yi odar guda 100,000 a kashin farko. Ta saya a kan kusan dala 50 kowace ɗaya, ta ce za ta sayar wa ɗalibai a kan wajen dala 35. Jaridun duniya suka kira ta kwamfutar allo mafi araha a duniya.

Gilashinta inci 7 ne. Rumbunta giga 2. Masussukarta kuwa rubu'in giga ɗaya ce kacal. Ba ta da wurin sa layin waya.

Yadda mutane suka karɓe ta

Da farko an yi murna ƙwarai. Kamfanin ya fito da wata ƙanwarta ta sayarwa ga kowa, mai suna UbiSlate. Cikin 'yan makonni mutane fiye da miliyan ɗaya suka ba da sunayensu suna so.

Amma da ta shiga hannun ɗalibai sai kuka ya tashi. Suka ce tana da nawa wajen aiki. Sai an danna gilashin da ƙarfi kafin ya ji. Tana yin zafi a hannu. Batir kuma bai wuce awa biyu zuwa uku ba. Waɗanda suka ba da sunayensu da yawa sun yi ta jira wata da watanni kayan bai iso ba. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

A watan Nuwamba na 2012 shugaban ƙasar, Pranab Mukherjee, ya ƙaddamar da ta biyu, wato Aakash 2. An gyara gilashin, an ninka ram, an ƙara mata sauri. Ta fi ta farko kyau. Duk da haka, bayan 'yan shekaru shirin ya lafa. Wayoyin shafa masu araha suka cika kasuwa, mutane suka koma kansu.

A nan gida Nijeriya

Wannan tunani ya iso ƙasarmu. A watan Yuni na 2013 gwamnan Jihar Osun na lokacin, Rauf Aregbesola, ya ƙaddamar da kwamfutar allo ta 'yan makaranta a garin Ilesha. Sunanta Opon Imo. Da Yarbanci ma'anarsa allon ilimi. An yi niyyar raba guda 150,000 kyauta ga ɗaliban babbar sakandare na makarantun gwamnati.

Dabarar Osun ta bambanta da ta Indiya. Tun kafin a ba yaro, an cika rumbun da kaya. An zuba littattafai fiye da 50 na darussa 17. An zuba tsofaffin tambayoyin jarrabawa fiye da 40,000 domin yaro ya gwada kansa. An sa Alƙur'ani da Littafi Mai Tsarki na Kirista, da tarihin Yarbawa da karin maganarsu. Yaro yana iya karanta duk wannan ba tare da intanet ba. Ba sai ya sayi data ba, ba sai ya hau tudu neman sabis ba.

Mutane da yawa sun yaba, domin littattafan da uba talaka ba zai iya saye ba, ga su duka a allo ɗaya. Wasu kuma sun soki yawan kuɗin da aka kashe. Daga baya jihar ta shiga matsin kuɗi, har a 2015 ma'aikata suka yi watanni ba albashi. Rabon bai kai ga kowane ɗalibi ba kamar yadda aka yi buri.

Darasin da ke ciki

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Labarin Indiya da na Osun sun nuna mana abu ɗaya. Sayen na'ura shi ne mafi sauƙi a cikin aikin. Amfaninta ya dogara ga abubuwa huɗu: abin da aka zuba a ciki, wutar caji, mai gyara, da kuma mai karantawa.

Mu dubi allon makarantarmu. Sassaƙa shi ba wuya. Abin da ya ba shi daraja shi ne rubutun da ke kansa, da malamin da yake biya wa yaro. Allon da ba rubutu, itace ne kawai. Haka wannan na'ura take. In ba a zuba mata darasi ba, yaro zai mayar da ita gidan kallon fim da wasa. Kuɗin akuya ya tafi, karatu bai ƙaru ba.

Shawara ga mai son saye

Wanda ya yi niyyar saye, ko a Kazaure, ko a kasuwar waya ta Fam Santa da ke Kano, ya kiyaye waɗannan:

1. Ka san dalilin sayenka. In kira da aika saƙo kawai kake so, wayar da ke hannunka ta isa.

2. Kada ka je kai kaɗai. Ka tafi da wanda ya san kan kwamfuta kuma ka amince da shi. Ƙasarmu ba ta rasa irinsu ba, domin tun zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki aka kafa makarantar koyon kwamfuta a Kazaure.

3. Ka tambayi girman rumbu da na masussuka. A yau kada ka karɓi wadda ta gaza giga 32 na ma'ajiya da giga 2 na ram. In ka samu mai 3 ko 4, ya fi. Kada ka tsaya ga rubutun kwali. A kunna ta a duba a ciki.

4. Ka tambaya ko tana ɗaukar layin waya. Wasu ba sa ɗauka, kuma mai irin wannan zai sha wuya a ƙauye in yana son intanet.

5. Ka taɓa ko'ina a jikin gilashin ka ga yana ji. Ka saurari sautinta. Ka sa a yi caji a gabanka.

6. Ka tambayi mai gyara ko ana samun gilashinta da batirinta a kasuwa. Wadda ba a samun kayanta, ranar da ta faɗi ta fashe, ranar ta mutu.

7. Ka karɓi rasit mai ɗauke da sunan shago.

8. Ka yi tunanin caji tun kafin ka biya. In garinku ba wutar lantarki, ka lissafa kuɗin mai caji na kowane mako, ko kuɗin ƙaramin faifan sola.

Bayan an kawo ta gida

A sa mata riga ta roba. A nisanta ta da ruwa, da ƙura, da zafin rana. Kada a bar ta a hannun ƙananan yara su kaɗai.

A nemi malamin makaranta ya taimaka a zuba littattafan ajin yaro. Ana iya sa Alƙur'ani, rubutu da karatun murya. Ana iya sa mata haruffan Hausa masu lanƙwasa, wato ƙ da ɗ da ɓ, domin a rubuta harshenmu daidai. A shekarar 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da hukumar UNICEF sun buɗe wani shirin darussa kyauta a intanet mai suna Nigeria Learning Passport, kuma akwai darussa da Hausa a ciki.

A riƙa karatu tare. In 'ya'ya uku ne a gida, a raba musu lokaci, mata da maza. Kada yarinya ta zama 'yar kallo. Uwargida ma tana da rabo.

Abu na ƙarshe ya shafe mu, mu manya. Uban da ya iya karatu shi ne zai leƙa allon ya gane ko ɗansa darasi yake yi ko wasa. Shi ne kuma zai karanta rasit da kansa, ba mai cutarsa. Saboda haka wanda yake zuwa ajin yaƙi da jahilci ya ƙara himma. Wanda bai shiga ba, ya je ya ba da sunansa. Gemu ba ya hana neman ilimi.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani.