Hansel da Giretel a dandamalin opera

Opera wasan kwaikwayo ne da ake rera kusan duk maganganunsa da waƙa, makaɗa na rakiya. Cikin waɗanda aka gina a kan tatsuniya don yara, babu wadda ta kai Hansel da Giretel shahara. Engelbert Humperdinck, Bajamushe, shi ya tsara kiɗanta, 'yar'uwarsa Adelheid Wette kuma ta rubuta baitocin. Da farko 'yan waƙoƙi ne kawai ta nema don 'ya'yanta su yi wasa a gida, abu ya yi ta girma har aka nuna shi a Weimar ranar 23 ga Disamba 1893, Richard Strauss na jagorantar makaɗa. Tun daga nan ta zama wasan lokacin Kirsimeti a Jamus.

Asalin labarin yana cikin tatsuniyoyin 'yan'uwan nan Grimm, kuma yana da ɗaci: iyaye ne da kansu suka yar da 'ya'yansu Hansel da Giretel a daji saboda yunwa. Wette ta sassauta shi. A wajenta uwar ta fusata ne da tulun madara ya fashe, ta kori yaran su je tsinko 'ya'yan itace, dare ya yi musu. Mala'iku 14 suka tsare su suna barci. Mayyar da yaran suka faɗa hannunta a tatsuniyar dai tana nan, haka ma gidanta na kayan zaƙi da tandar da aka tura ta ciki, amma yaran da ta mayar biskit duk sun farfaɗo a ƙarshe.

Wahalar shirya wasan tana wajen kiɗan. Humperdinck ya yi aiki da mai tsara opera Richard Wagner, ya kuma ɗauko salonsa na tara makaɗa masu yawa, don haka muryar ƙaramin yaro ba ta iya ratsa wannan amo. Manyan mata biyu ne ke fitowa a matsayin yaran, har da Hansel ɗin, namijin. Mayyar kuwa sau da yawa namiji ake ba wa, ya sha kwalliya yana rangwaɗa, kuma dabara ce mai kyau, domin yaron da ke dariya ba ya firgita. Yara na gaske sai a sashen ƙarshe suke shigowa rukuni guda.

Idan za a kai wasan makarantu, akan gajarta shi, a rage makaɗa har zuwa fiyano ɗaya, a kuma rera shi da harshen da yaran ke ji. Wasan ya kai ga jama'a ta rediyo ma: gidan opera na Metropolitan da ke New York da wannan wasa ya fara watsa cikakkiyar opera ta rediyo, ranar Kirsimeti ta 1931.