Rayuwar Mark Twain da Tasirinta a Kan Ƙagaggun Labaransa

Malaman da ke koyar da adabi a kwalejojin horon malamai sun daɗe suna fama da wata tambaya, watau ko sanin tarihin marubuci yana taimakon ɗalibi ya fahimci littafinsa, ko kuwa ɗauke masa hankali ya ke yi daga abin da ke rubuce. Wannan takarda za ta duba al'amarin ta hanyar misali guda, shi ne Samuel Clemens, marubucin Amurka wanda duniya ta fi sani da Mark Twain. An zaɓe shi domin rayuwarsa da labaransa sun sarƙe ƙwarai, kuma domin yadda ya sarrafa karin harshe abin lura ne ga mai nazarin Hausa.

Ƙuruciya a garin bayi

An haife shi a shekarar 1835 a jihar Misuri. Yana da shekara huɗu iyayensa suka ƙaura zuwa Hanibal, wani ƙaramin gari a gaɓar kogin Misisipi. A zamanin nan bauta halal ce bisa dokar jihar, mahaifinsa ma ya taɓa mallakar bayi. Shi da kansa ya faɗi a tarihin rayuwarsa cewa sa'ad da ya ke yaro bai ga aibin bauta ba, domin bai ji wani babba ya kushe ta ba, masu wa'azi kuwa kafa mata hujja su ke yi. Ya kan tafi hutu gonar wani ɗan'uwansu, John Quarles, inda wani dattijon bawa mai suna Daniel ke yi wa yara tatsuniya da dare.

Wannan gari shi ne ya mayar St. Petersburg a cikin Tom Sawyer na 1876 da Huckleberry Finn, wanda ya fito a Ingila a 1884, a Amurka kuma a 1885. Ya ce halin Jim, bawan da ya gudu, daga Daniel ya samo shi, na Huck kuma daga wani yaro ɗan mashayi da suka yi wasa tare.

Maɗaba'a da kogi

Mahaifinsa ya rasu a 1847. Ba a daɗe ba ya bar makaranta ya shiga maɗaba'a yana koyon jera baƙaƙe, a nan ne karatunsa ya yi zurfi. A 1857 ya fara koyon tuƙin jirgin ruwa mai tururi a hannun Horace Bixby, ya sami takardar izini a 1859. Matuƙin Misisipi tilas ya haddace kowace kwana da kowane tudun yashi, ga shi kuwa kogin kullum sauya hanya ya ke yi. Sunan da ya ɗauka a 1863 daga wannan sana'a ya fito: kira ne da mai gwada zurfin ruwa ke yi in ya sami gaba biyu, watau ƙafa 12, zurfin da jirgi zai wuce lafiya.

Kogin ya ba shi abu biyu. Na farko, ya ga mutane iri iri, 'yan caca da fatake da 'yan damfara da dillalan bayi, ya ji yadda kowa ke magana. Na biyu, ya ba shi tsarin labari, domin Huckleberry Finn tafiya ce a kan gungumen da aka ɗaure, ana bin ruwa daga gari zuwa gari, kowane zango da irin muguntar da za a tarar. A kogin nan kuma ya yi babban rashi. A 1858 tukunyar jirgin Pennsylvania ta fashe, ƙanensa Henry ya ƙone ya mutu, alhali shi ne ya samo masa aikin. Masu nazari da yawa suna danganta wannan da yadda zargin kai ya yawaita a labaransa.

Jigon zuciya da tarbiyya

Yaƙin basasa ya tsai da sufurin kogin a 1861. Ya yi kamar mako biyu cikin 'yan sa-kai na ɓangaren Kudu, sa'an nan ya bar su ya tafi Nebada, ya zama ɗan jarida. A 1870 ya auri Olivia Langdon, wadda gidansu sananne ne wajen ƙin bauta. Ke nan mutumin da ya tashi yana ganin bauta daidai ce ya wayi gari cikin waɗanda suka yaƙe ta, ya kuma gane tarbiyyar da aka yi masa ita ce ta ɓatar da shi.

Wannan shi ne ƙashin bayan Huckleberry Finn. Huck yana ƙaunar Jim, amma abin da aka koya masa yana gaya masa cewa taimakon bawa ya gudu sata ce da zunubi. A babi na 31 ya rubuta wasiƙa zai tona inda Jim ya ke, ya tuna alherin da Jim ya yi masa, ya yayyaga takardar, yana mai tabbatar wa kansa cewa ya zaɓi wuta. Mai karatu ya san yaron gaskiya ya bi, shi kuwa yaron bai sani ba. Jigon ya sake fitowa a Pudd'nhead Wilson na 1894, inda wata baiwa ta musanya jaririnta da na ubangidanta, kowanne ya girma da halin matsayin da aka ɗora shi, ba wanda ya gane.

Karin harshe

Marubucin ya bar Huck, yaron da bai yi karatun kirki ba, ya ba da labarin da bakinsa, da irin Ingilishin da ya iya. A farkon littafin ya bayyana cewa da gangan ya yi amfani da karin harshe bakwai. Wannan ya sosa wa wasu rai, har ɗakin karatu na garin Konkod ya fitar da littafin daga kantocinsa a 1885. Amma ƙarfin labarin a nan ya ke: da mai ilmi ne ya ba da shi, da sai ya yi sharhi ya yanke hukunci, yaron kuwa faɗin abin da ya gani kawai ya ke yi.

A nan akwai abin tunani ga marubucin Hausa. In Basakkwace ya shigo labari, za a bar shi ya ce "shina" da "hwari" da "ya zaka", ko kuwa za a mayar masa da su "yana" da "fari" da "ya zo"? Daidaitacciyar Hausa tana sauƙaƙa karatu, amma in kowa a labari da murya ɗaya ya ke magana, an yi asarar wata hanya ta bayyana asalin mutum da matsayinsa.

Ƙarshen rayuwa

Ya zuba makudan kuɗi a wata na'urar jera baƙaƙe da ba ta yi nasara ba, kamfaninsa na ɗab'i kuma ya karye a 1894. Ya zaga duniya yana lacca don ya biya bashi, 'yarsa Susy ta rasu a 1896, matarsa a 1904, 'yarsa Jean a 1909. Rubutunsa na wannan lokaci ya yi ɗaci, barkwancin ya koma zambo. A 1905 ya wallafa ɗan littafi yana la'antar ta'asar da Sarki Leopold na Beljiyam ke yi a Kongo. Ya rasu a 1910.

Abin da malami zai kiyaye

Tarihin marubuci yana nuna inda kayan labari suka fito, amma ba ya auna kyan ginin. Yara da yawa sun tashi a Hanibal, ɗaya ne ya rubuta Huckleberry Finn. Haka kuma tarihin ba ya wanke littafin daga sukan da a ke yi masa, musamman babobin ƙarshe, inda Tom Sawyer ya mai da 'yantar da Jim abin wasa, da kuma yawan kalmar wulaƙanci ga baƙar fata, wadda ta sa wasu makarantun Amurka suka ajiye shi. Mafi yawan abin da muka sani game da ƙuruciyarsa ma daga bakinsa ya fito, bayan ya tsufa, shi kuwa gwanin ƙara wa labari gishiri ne. Saboda haka ya fi dacewa ɗalibi ya fara karanta littafin ya faɗi abin da ya gani, sa'an nan a kawo masa tarihin ya gwada. Malamin da ke koyar da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda shi ma bauta ce jigonsa, zai iya bin wannan tsari.