YADDA AKE DASA ƘARYA A GIDA DA LAMBU

Malam manomi, ka san ƙarya, ɗan itacen nan mai kaurin gindi da jan fure. Tana fitowa da kanta a dajin ƙasashen Sahel, tun daga Senegal har Sudan. Da rani, lokacin da ta kaɗe ganye, sai ta cika da fure, amma ba kasafai ake ganin 'ya'yanta ba. Ka dai san karin maganar: ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Saboda haka reshenta ake dasawa. In ta kama, shekara da shekaru tana nan.

WURIN DASAWA
Nemi wuri mai jigawa inda rana ke bugawa sosai. Kada ka dasa a fadama, ko ƙarƙashin indararo. Idan ƙasarka laka ce, gauraya ta da yashi, ka yi ɗan tudu.

YADDA AKE DASAWA
1. Da bazara, kafin ruwa ya sauka, yanko lafiyayyen reshe mai tsawon ƙafa 1.
2. Ajiye shi a inuwa kamar kwana 5, har bakin yankan ya bushe. In ka dasa shi ɗanye, ruɓewa zai yi.
3. Binne kamar inci 3 cikin ƙasa, ka danna gindin.
4. Bar ƙafa 4 tsakanin wannan da wancan.

BAN RUWA
Ƙarya tana ajiye ruwa a gindinta. Fari ba ya kashe ta, yawan ruwa ne ke kashe ta. Kada ka ƙara ruwa sai ƙasa ta bushe. Da damina ba ta bukatar ban ruwa sam. In ka taɓa gindin ka ji ya yi laushi, to ruɓa ta shiga. Yanke wurin da ya lalace, ka bar shi ya sha iska.

GARGAƊI
Ruwan jikin ƙarya dafi ne mai taɓa zuciya, har maharba a wasu sassan Afirka kan shafa shi a kibiya. Kada ka dasa ta kusa da turke, ko bakin rijiya, ko inda yara ke wasa. Rassan da ka yanke, kada ka zubar inda awaki za su kai baki. Wanke hannu da wuƙa da sabulu bayan aiki, kada ka taɓa ido. Idan yaro ya tauna, a kai shi asibiti nan da nan. In dabba ce, kira malamin dabbobi.

Don ƙarin bayani, tuntuɓi malamin gona na yankinku.