Yadda Abota Ke Ƙulluwa a Jami'a

Duk shekara idan aka buɗe sabon zangon karatu, dubban matasa kan bar gaban iyayensu a karon farko. Yaron da ya tashi a Gumel ko Yawuri, wanda tun yana firamare abokansa 'yan unguwarsu ne, sai ga shi a Samaru, cikin Jami'ar Ahmadu Bello, tsakanin 'yan Ilori da Jos da Kalaba. Tsofaffin ɗalibai na tsokanarsa da sunan jambito, layin rajista ya ƙi ƙarewa, dare ya yi babu abokin hira. Da yawa sukan ɗauka yin abokai baiwa ce, wani Allah ya ba shi farin jini, wani bai samu ba. Masana halayyar ɗan Adam kuwa sun gano abubuwa biyu da suka fi farin jini tasiri: inda mutum yake zama, da yawan lokacin da yake yi tare da mutane.

A shekarar 1950, Leon Festinger da abokan aikinsa biyu suka wallafa sakamakon binciken da suka yi a gidajen ɗalibai magidanta na jami'ar MIT da ke Amurka. Galibin mazauna gidajen tsofaffin sojoji ne da suka koma karatu bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kuma ba su suka zaɓi maƙwabtansu ba. Da aka tambaye su aminansu, sai aka tarar kashi 41 cikin 100 na waɗanda ƙofofinsu ke jere da juna sun zama aminai. Idan ƙofa ɗaya ta shiga tsakani, sai adadin ya koma kashi 22. Waɗanda ke ƙarshe da ƙarshen baranda ɗaya kuwa, kashi 10 ne kacal. Har ma an lura cewa masu ɗaki kusa da matakala sun fi sauran yin abokai a saman bene, saboda kowa ta ƙofarsu yake wucewa. Haɗuwar yau da gobe, wadda ba a shirya ta ba, ita ce ke kawo sabo.

Sai dai sabo kaɗai bai isa ba, sai an ba shi lokaci. A 2018, Jeffrey Hall na Jami'ar Kansas ya bibiyi sababbin ɗalibai da kuma manyan da suka sauya gari. Ya kiyasta cewa ana buƙatar zaman kimanin awa 50 kafin sanin shanu ya koma abota, kimanin awa 90 kafin abotar ta kama ƙasa, sannan sama da awa 200 kafin a kai ga aminci. Ya kuma lura cewa ba kowane zama ne ke da nauyi ɗaya ba. Awannin da aka yi a aji ko wurin aiki don dole ba su kai na hira da raha da cin abinci tare ba.

Wannan ya bayyana abin da ake gani a jami'o'inmu. A Jami'ar Ahmadu Bello, ɗalibin da ya samu gado a ɗakunan kwanan Ɗanfodiyo, da ɗalibar da ke Amina ko Ribadu, suna tara waɗannan awanni ba tare da sun sani ba: wajen ɗibar ruwa, wajen girki a kan risho ɗaya, wajen karatun dare lokacin jarrabawa. Wanda kuwa yake zuwa Jami'ar Bayero daga cikin gari, ya shiga lacca cikin ɗaruruwan mutane, a tashi ya hau Adaidaita ya koma gida, zai iya shekara huɗu bai wuce gaisuwa da kowa ba. Yajin aikin malamai ma na taka rawa. Na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, kuma abotar da ba ta yi ƙwari ba da wuya ta jure irin wannan rabuwa.

Akwai kuma kunya da zargin kai. Sabon ɗalibi kan gama hira da wani, ya koma yana tunanin ko Turancinsa ya ba da shi, ko ya cika surutu. Binciken da Erica Boothby da abokan aikinta suka fitar a 2018, wanda ya haɗa da ɗaliban da ke kwana a ɗakuna ɗaya, ya nuna cewa mutane sukan raina irin kwarjinin da suka yi wa abokin hirarsu. Wato wanda kake tsoron ya raina ka, sau da yawa shi ma tsoron da yake ji ke nan.

Mafita mafi sauƙi ga baƙo ita ce ya fake cikin 'yan garinsu, kuma ƙungiyoyin ɗaliban jihohi suna da amfani, musamman a makonnin farko. Kuskuren shi ne a tsaya nan. Tun 1973 masanin zamantakewa Mark Granovetter ya nuna cewa labarin guraben aiki ya fi zuwa wa mutum ta hannun waɗanda ba su cika haɗuwa ba, saboda aminai na kusa duk abu ɗaya suka sani. Abokin aji ɗan Binuwai ko Ekiti yana iya zama wanda zai buɗe maka ƙofa bayan hidimar ƙasa.

Hanyar da ke kawo abokin kirki, ita ce dai ke kawo na banza. Masu jan sababbin ɗalibai cikin shaye-shaye ko ƙungiyoyin asiri sukan fara ne da kyautatawa lokacin da mutum yake cikin kaɗaici, su taya shi rajista, su ba shi wurin kwana. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Saboda haka zaɓen wurin zama ya riga zaɓen aboki: masallaci ko majami'a, ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSS ko ta Kiristoci ta FCS, filin ƙwallo, ƙungiyar sashen karatu, rukunin masu bitar darasi. A zaɓi ɗaya ko biyu, a riƙa zuwa a kai a kai, a ajiye waya idan an zauna.

Hukumomin jami'o'i ma da nasu nauyin. Ƙarancin ɗakunan kwana yana tura ɗalibai haya a wajen makaranta, inda kowa ke kulle ƙofarsa. Jami'ar da ta fifita 'yan aji ɗaya wajen rabon gado, ta cakuɗa 'yan jihohi daban-daban a ɗaki guda, ta kuma gyara wuraren wasanni da na zaman hira, ta yi wa ɗalibanta rabin aikin neman abokai.