Yaushe Aka Haifi Ɗanƙwairo, Kuma A Ina?

Maganarmu ta wannan mako a kan wani mutum ce wanda da wuya a sami gidan da muryarsa ba ta shiga ba tsakanin Talata Mafara da Bakura da Maradun, watau marigayi Alhaji Musa Ɗanƙwairo, makaɗin kotso. Kun sha jin waƙoƙinsa a rediyo kuna tsakar aikin gida. Kun san ya waƙe Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello, da sarakuna da yawa na ƙasar Hausa. Kowa ya yarda ya rasu a 1991. To, amma ku tambayi mutum uku shekarar da aka haife shi da garin da aka haife shi, sai ku ga gardama ta tashi.

Waɗansu rubuce-rubuce sun ce an haife shi a 1909, waɗansu sun ce a 1907. Mutanen Maradun suna cewa nasu ne, ga shi ma ana kiransa Ɗanƙwairo Maradun. Mutanen Bakura kuwa suna cewa a ƙasarsu aka binne cibiyarsa, a ƙauyen Ɗankadu. Yarinyar da malaminta ya ba ta aikin rubuta tarihinsa, wanne za ta ɗauka? In ta rubuta ɗaya, malamin kuma ya karanta ɗayan, an ci ta ke nan ba da laifinta ba. Saboda haka ya kamata mu san inda irin wannan saɓani ya ke fitowa, mu kuma san abin da za mu yi in mun tarar da shi.

Mu fara da maganar gari, domin ita ta fi sauƙin warwarewa. Abin da masu bincike suka rubuta shi ne, an haifi Musa a Ɗankadu ta ƙasar Bakura. Mahaifinsa Usman Ɗankwanda makaɗi ne, wansa kuma shi ne Kurna, wanda shi ma ya shahara da sunan Maradun. A ƙasar Maradun gidansu ya yi kiɗa ya yi suna, can kuma Musa ya yi wa wansa amshi kafin ya zama shugaban kansa. Kun ga ashe duka biyu suna da gaskiya. Bakura ta haifa, Maradun ta rena. Mu mata mun fi kowa sanin wannan, gama mace ana haifarta a wani gari, ta yi aure a wani, har a manta da garinsu a riƙa kiranta da sunan garin mijinta. Makaɗin fada ma haka ya ke, da sunan garin ubangidansa a ke saninsa.

Ku dubi Sa'idu Faru, wanda a ke ce wa Malamin Waƙa. Faru a ƙasar Maradun ta ke, amma duk wanda ya ji sunansa sai ya tuna da Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo, wanda ya zauna a Talata Mafara a shekarun 1950, daga baya ya zama Sarkin Musulmi daga 1996 zuwa 2006. Wanda ya ce Sa'idu na Mafara ne ya dubi ubangidansa, wanda ya ce na Maradun ne ya dubi mahaifarsa. Laifi ɗaya ne kawai, watau marubuci ya faɗi ɗaya ya ɓoye ɗaya.

Akwai kuma wani abin da ke rikita 'yan makaranta. Sa'ad da aka haifi Ɗanƙwairo, Bakura da Maradun suna cikin Lardin Sakkwato. A 1967 suka shiga Jihar Arewa Maso Yamma, a 1976 suka zama na Jihar Sakkwato, Jihar Zamfara kuwa ba a ƙirƙiro ta ba sai a 1996, shekara biyar bayan rasuwarsa. Saboda haka in kin ga tsohon littafi ya ce mutumin Sakkwato ne, sabo kuma ya ce mutumin Zamfara ne, kada ki ce ɗaya ya yi ƙarya. Garin bai motsa ba, sunan jiha ne ya sake.

To, sai maganar shekara, wadda ita ce mai wuyar. Ku tuna, a 1903 Turawa suka ci Sakkwato. Yaron da aka haifa a ƙauye shekara huɗu ko shida bayan wannan, wa zai rubuta ranar haihuwarsa? Babu asibiti, babu takardar haihuwa. Ungozoma ta yanke cibi, an yi suna ran bakwai, shi ke nan. Dokar da ta ɗora wa Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa yin rajistar haihuwa da mutuwa a Nijeriya duka ma a 1992 ta fito, bayan Ɗanƙwairo ya riga mu gidan gaskiya. Watau shekarar da ku ke gani a littafi ba daga wata takarda aka kwafo ta ba. Lissafi ne aka yi daga baya.

Ga yadda a ke yin lissafin. Mai bincike ya kan je wurin makaɗin, ko wurin 'ya'yansa da yaransa, ya ce, shekararka nawa? Tsoho kuwa ba ya ƙidaya da lamba. Sai ya ce an haife shi zamanin sarki wane, ko ya ce yana da wayo aka yi babbar yunwar nan ta 1914, ko ya ce yana saurayi jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda, wanda mun san a 1929 ne. Daga nan mai bincike zai ƙiyasta. In ya ɗauka yaro mai wayo ɗan shekara biyar ne, zai sami 1909. In ya ɗauka ɗan shekara bakwai ne, zai sami 1907. Kun ga yadda amsa ɗaya za ta iya haifar da shekara biyu.

Har wa yau akwai bambancin shekarar Musulunci da ta Turawa, wanda mu kan manta da shi. Shekarar Hijira ta gaza ta Turawa da wajen kwana 11. Saboda haka mutumin da ya yi shekara 82 a lissafin Turawa, a lissafin wata ya haura 84. Ku ɗauki alli ku gwada. In kun cire 82 daga 1991, za ku sami 1909. In kun cire 84, za ku sami 1907. Na kawo wannan ne domin misali, ku ga cewa mutum biyu masu gaskiya suna iya fito da amsa biyu, in ɗaya ya ƙidaya da azumin da aka yi, ɗaya kuma ya ƙidaya da kalandar ofis.

Kada ku zaci Ɗanƙwairo kaɗai wannan ya shafa. Ibrahim Narambaɗa na Tubali, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu, nasa saɓanin ya fi haka faɗi. Waɗansu sun ce an haife shi a 1875, waɗansu a 1890. Har shekarar rasuwarsa ma an rabu, tsakanin 1960 da 1963, alhali kuwa a lokacin akwai jarida, akwai rediyo, akwai 'yan boko a gari. In wannan ya sami mutum kamar Narambaɗa, ina ga zabiyoyi da masu kiɗan ƙwarya, waɗanda ba wanda ya je ya tambaye su kome?

Lalle ne mu gode wa malaman da suka sa ƙafa suka je. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ta Kano ya tattara tarihin makaɗa da yawa a littafinsa Makaɗa da Mawaƙan Hausa. Farfesa Aliyu Muhammad Bunza ya fitar da littafi sukutum a kan Narambaɗa a 2009. Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun fitar da Shata Ikon Allah a 2006, shekara bakwai bayan rasuwar Mamman Shata. Da ba don irinsu ba, da abin da ya rage mana sai muryoyi a faifai. Amma fa bayan su akwai masu kwafa, wannan ya kwafi wancan, wancan ya kwafi na gabansa, ba wanda ya faɗi inda ya samo. In na farko ya yi tuntuɓen alƙalami, sai mutum goma su bi shi su faɗi. Mai karatu kuma ya ga wuri goma sun faɗi abu ɗaya, ya ce ai shaidu goma ne, alhali kuwa shaida ɗaya ce aka maimaita.

Waƙoƙin kansu ma ba su tsira ba. Tun da aka buɗe gidan Rediyon Kaduna a 1962 aka yi ta ɗaukar muryoyin makaɗan fada, daga nan suka koma kaset, yanzu kuma suna yawo a wayoyin hannu. Mai sayarwa shi ke rubuta sunan mai waƙa yadda ya ga dama. Makaɗan kotso kuwa kiɗansu ya yi kama, balle 'yan gida ɗaya kamar Kurna da Ɗanƙwairo waɗanda suka yi waƙa tare. Kunnen da bai saba ba yana iya ba ƙane waƙar wa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, gama waƙa ita ce gadon makaɗi, ɗauke ta a ba wani kamar sake iyakar gona ne.

Sa'an nan ku kiyaye da ɗaukar kirari a matsayin tarihi. Aikin makaɗin fada shi ne ya ɗaukaka ubangidansa, ya kuma wasa kansa. Waƙa tana iya gaya mana wa ke sarauta a lokacin, da wa ya yi kyautar doki ko riga, amma ba a kafa hujja da zuga. Haka kuma labaran nan da a ke bayarwa a zaure, na cewa makaɗi wane aljanu ke ba shi waƙa, ko ya yi wa wane baki ya lalace. Suna da daɗin ji da dare, amma in za ki rubuta su, ki rubuta cewa haka a ke faɗi.

Ko sunan Ɗanƙwairo ma ya isa misali. Abin da aka fi ruwaitowa shi ne, akwai wani mai suna Ɗanƙwairo cikin mutanen mahaifinsa, mai zaƙin murya, da aka ji muryar Musa ta yi kama da tasa sai aka laƙaba masa sunan. Wanda bai tambayi 'yan gidan ba, sai ya zauna ya ƙaga wa sunan wata ma'ana daga kansa, gobe kuma wani ya kwafa.

To, me za mu yi? Ga shawarata, kuma ba ta fi ƙarfin kowace mace da ta iya karatu ba. Duk abin da kika karanta game da wani mawaƙi, ki yi masa tambaya uku. Wa ya faɗa? Shi ganau ne ko jiyau? A wurin wa ya ji, kuma yaushe? In kin je awo ba kya karɓar hatsi sai kin ga mudun da aka auna da shi. To, labari ma haka ne. Ke kuma 'yar makaranta, in kin tarar da shekara biyu, ki rubuta duka biyun, ki faɗi littafin da ya kawo kowace. In lissafi ne, ki sa kalmar "wajen" a gaban shekarar. Malamin kirki ba zai rage miki maki don wannan ba, sai dai ya ƙara.

Abu na biyu ya fi wannan muhimmanci, kuma a hannunmu ya ke. Wa ke riƙe da labarin haihuwa a gidan Bahaushe? Mata ne. Kaka ce ta san wa ya girmi wa, wa aka yaye da aka sami cikin wane, waɗanne yara aka yi wa kaciya tare, bikin wa aka yi shekarar da fara ta ci gero. Masu bincike kuwa yawancinsu maza ne, iyakarsu zaure. Abin da ke cikin gida, mu kaɗai ke iya kai gare shi. Tsofaffin nan kuma kullum raguwa su ke yi. Da aka gama madatsar ruwan Bakolori a 1978, ruwa ya ci ƙauyuka a wannan yanki, mutanensu suka tashi. Rashin zaman lafiya na shekarun baya-bayan nan kuma ya sake watsa waɗansu. Duk ƙauyen da ya watse, labarinsa ya kan watse tare da shi.

Saboda haka ki sayi ɗan littafin rubutu, ki zauna da kakarki ko uwar mijinki bayan an gama aikin yamma. Ki tambaye ta makaɗan da ta gani da idonta, a bikin wa, a wane gari, zamanin wane sarki. Ki tambaye ta zabiyar da ta yi waƙa a bikinta, da waƙoƙin niƙa da na daɓe da ta sani, da wadda ta koya mata su. Ki rubuta sunanta da ranar da kuka yi hirar a kan shafin. Ki rubuta abin da ta faɗa yadda ta faɗe shi, kada ki gyara don ya dace da abin da ke littafin makaranta. In ta ce ita ma ji ta yi, ki rubuta wurin wanda ta ji. Hajiya Barmani Coge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ta yi sa'a an ɗauki muryarta an yi hira da ita. Akwai irinta da yawa a garuruwanmu da ba za a taɓa sanin sunansu ba in ba mu rubuta ba.

A shafin ƙarshe na littafin nan kuma, ki rubuta ranar haihuwar 'ya'yanki ɗaya bayan ɗaya, da watan Musulunci da na Turawa, da garin da aka haife su, ko da kuwa kun karɓo takardar asibiti, gama takarda tana ɓacewa. Wa ya sani, ko a cikinsu akwai wanda za a yi gardama a kansa nan da shekara ɗari?

Allah ya jiƙan Ɗanƙwairo da sauran magabatanmu, ya sa mu zama masu riƙon amanar labari. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.